Ɗoɗɗoyar da Na Bari a Kwarin Marke

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma roƙon Allah ya sa lokacin da za ki warware wannan takarda kin riga kin sauka Doguwa lafiya, kin huce gajiyar mota, kin sami Gwaggonki Ta-Sallah da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya sa ki shiga aji da ƙafar dama, ya sa yaran da za ki koyar su ji maganarki. Amin.

Ki yi haƙuri da karkacewar rubutuna, kin san na yaƙi da jahilci ne. Ina zaune a gindin zogalen bayan ɗaki, la'asar ta yi sanyi, Innarki tana can tana tsinke yakuwa a faifai, ta ɗauka wa Kawunki nake rubutu. Zan sa takardar a ƙasan akwatinki.

Na yi kwanaki ina tunanin guzurin da zan ba ki. Malamanki sun ba ki karatu, Innarki ta ba ki girki da ladabi. Ni da na duba, abin da na tara da yawa kurakuraina ne. Da na jera su a zuci kuma, sai na ga manyansu duk a kan ganyen miya na tafka su. Na san za ki yi dariya, namiji da gemunsa yana rubuta wa malamar makaranta zancen ganye. Yi dariyarki, amma ki karanta har ƙarshe.

Na farko ya faru tun ba a haife ki ba, a shekarar da aka kawo Innarki gidanmu a Kwarin Marke. Ban san yadda kike tuna garin ba, tun da kin bar shi kina ƙarama kika tafi makarantar kwana. Ni idan na lumshe ido ina ganinsa kamar yanzu na fito daga cikinsa: hanyar rijiya da ta ratsa tsakanin dangogin kara, hayaƙin yamma yana kwance a kan rufin ɗakuna, da ɗan filin nan na bayan ɗakin Innarki inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa.

Da damina ta faɗi, filin ya yi kore shar. Ni kuwa ina neman wurin dashen barkono. Wata safiya Innarki ta tafi rijiya, sai na ɗauki fartanya na hau sara. Ina cikin yi sai wani ƙamshi ya tashi ya cika bayan gida, mai sanyi, kamar an haɗa kanumfari da ɓawon lemo. Har na miƙe ina waige-waige, ina neman wanda ya shigo mana da turare. Bai zo mini a rai ba cewa mai ƙamshin ne nake kashewa.

Innarki ta dawo da tulu a ka. Amarya ce a lokacin, ko haɗa ido ba ta yi da ni sosai. Ta sauke tulun, ta durƙusa, ta riƙa tsintar rassan ɗaya bayan ɗaya tana kaɗe musu ƙasa.

Can ta ce, "Malam, me suka yi maka?"

Na ce, "Su wa? Ai ciyawa ce."

Ta ce, "Wannan ɗoɗɗoya ce. Wannan na'ana'a. Wannan gasaya. A bakin zanena na ƙullo irinsu daga gidanmu na Ɗansoshiya."

Iya, kakarki wadda kika ci sunanta, ta leƙo ta ga ɓarnar, ta ce, "Idi, kai manomin dawa ne. Duk abin da bai kai tsayinka ba, ba ka ganinsa."

Innarki ta tsoma rassan a kaskon ruwa ta ajiye a inuwa. Allah ya taimake ni, kafin mako biyu wasunsu suka fitar da farin saiwa siririya kamar zare, ta mayar da su ƙasa.

Saboda haka, Uwani, kada ki tuge abin da ba ki san sunansa ba. Ki fara tambaya. Za ki shiga gari baƙo, ki ga al'adun da za su yi miki kama da ciyawa, ki ga yaro a aji da ya yi shiru kamar babu komai a kansa. Ki ajiye fartanyarki tukuna.

Ita ɗoɗɗoya kuwa ga yadda za ki gane ta. Ki kama karanta ki murza tsakanin yatsu, za ki ji yana da kusurwa huɗu, ba mulmulalle ba ne. Ganyen biyu-biyu yake fitowa, wannan yana kallon wancan. Sannan ki murje ganye ɗaya ki kai hanci, shi ne zai yanke miki hukunci. Akwai wata ta daji mai kama da ita, mai gashi-gashi, warinta da kaifi, wannan ta korar sauro ce, ba ta tukunya ba. Idan za ki sa ta a girki, ki bari sai kin kusa sauke tukunya, ki yayyaga ta da hannu ki watsa, ki rufe. In kika sa ta da wuri ƙamshin yakan bi tururi ya tafi gidan maƙwabta. Na'ana'a kuma ba ta son ƙishirwa, ki dasa ta kusa da inda kike alwala, amma a cikin fasasshiyar tukunya, in ba haka ba za ta mamaye wurin kowa.

Kuskure na biyu, kina goye aka yi shi. Innarki ta tafi da ke Tudun Wada wajen haihuwar ƙanwarta, aka bar ni da Iya. A lokacin idon Iya ya fara yin hazo, ga damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, abinci sai an haɗa da ganye. Iya ta ce tana marmarin kwaɗon tafasa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, tafasa ga ta nan ko'ina. Na fita bayan gari na ciko kwando da ganye mai kyau, shar da shi, na dafa, na matse, na daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, na yanka albasa, na kwaɗa. Na kai mata ina jin kaina.

Iya ta ɗauki akushin ta kai hanci, ta mayar ta ajiye.

Ta ce, "Wannan ba tafasa ba ce. Rai-ɗore ka ɗebo."

Na ce, "Haba Iya, ni da nake da ido na gani, ke da ba kya gani sosai."

Ta ce, "To, mai ido, bismillah."

Don kada a ce na ji kunya, na zauna a gabanta na cinye akushin nan tas, da ɗacinsa da warinsa, ina cewa ya yi daɗi. Ba sai na ba ki labarin abin da ya biyo baya ba. Kwana biyu ban je gona ba, hanyar bayan gida kawai na sani. Iya tana dama mini kunu tana dariya har da hawaye. Amma da na sami sauƙi sai na zauna na yi tunani. Da ta biye mini ta ci, tsohuwa mai ƙarfi kaɗan, ban san inda abin zai tsaya ba.

Da na warke ta sa na riƙe hannunta muka fita bayan gari. Ta shafa ganye ta ce, "Ƙirga mini." Na ƙirga, shida, biyu-biyu, kawunansu a zagaye kamar kunnen ɓera. Ta ce wannan ce tafasa, 'ya'yanta dogaye sirara masu lanƙwasa. Muka matsa gaba ta shafa wani. Shi nasa ganyen sun fi yawa, bakinsu da tsini, ga wari mai hawa kai. Ta ce shi ne rai-ɗore, na masu magani ne, su suka san gwargwadonsa. Muka tsaya a wurin har rana ta yi ja, sai ta ce in duba tafasar. Uwani, ina kallo ganyen nan suka riƙa haɗuwa biyu-biyu a hankali, kamar mai haɗa tafin hannu bayan addu'a. Shekara talatin ina taka tafasa ban taɓa sanin tana barci ba.

Don haka ido kaɗai ba ya isa shaida a kan ganye. Ki haɗa da hannu, ki haɗa da hanci, in kuma da shakka ki kai wa tsohuwa. Ko rama da yakuwa suna rikita baƙo: jikin rama da kaushi da 'yan ƙayoyi, yakuwa sumul take, karanta yakan yi ja, tsaminta ya fi. Abin da ya fi wannan duka, idan aka ce kin yi kuskure, kada girman kai ya sa ki cinye akushin. Ki ce, "Ashe haka ne, na gode." Ba a taɓa kwantar da kowa kwana biyu saboda wannan maganar ba.

Yanzu zan zo kan wanda ya fi yi mini nauyi, wanda ban taɓa ba ki labarinsa ba.

Kin san lokacin da aka tare ruwa a Tiga aka ce mu tashi. Kina makaranta, sai dai kika dawo hutu kika same mu a sabon wuri. Ranar tashin, babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, direba yana ta hanzarta mu domin akwai gidajen da ke jira. Na loda hatsi, na loda azara da ƙyauren ɗaki, da turmi, da gadon Iya. Sai ga Innarki ta fito rungume da fasasshiyar tukunya, ɗoɗɗoya ta yi tsayi a ciki har tana shafar haɓarta. A bayanta kuma akwai wasu tukwanen guda biyu da ta jera.

Na ce, "Ina za ki da wannan?"

Ta ce, "Inda za mu."

Na ce, "Babu wuri. Mutane na barin kaburburan iyayensu, ke kina ɗaukar ganye? Ko'ina aka je akwai ganye."

Ta dube ni, ta dubi motar. Wallahi akwai wuri, Uwani, ko a kan cinyarta sai ta riƙe. Zafin rabuwa da gida ne ya cika mini ciki, na rasa inda zan sauke shi, na sauke a kanta. Ta juya ta mayar da tukunyar gindin katanga, ta ɗebo ragowar ruwan randa ta zuba mata. Gari ne da ruwa zai haɗiye, amma sai da ta ba ta ruwa. Sannan ta hau mota. Ga irin da ta saba ajiyewa kuma, a cikin rufin ɗaki yake a soke, ni na yaye rufin ban duba ba.

Sabon wuri fili ne fetal, ƙasa ja mai tauri, babu inuwa. Muka kafa ɗakuna, muka fara rayuwa. Abinci bai yanke mana ba, alhamdu lillahi, ga kifi ya fara samuwa. Amma Iya ta daina ci. Idonta ya riga ya rufe gaba ɗaya. A Kwarin Marke da ƙafa da hanci take gane ko'ina, ta san inda rijiya take, ta san ƙofar kowa. A nan kuwa sai ta zauna a kan tabarma tun safe, ta yi shiru, fuskarta a sama kamar mai sauraron wani abu daga nesa. In aka kawo tuwo ta taɓa loma biyu ta ture.

Innarki ta yi duk dabarar da ta sani. Ta yi miyar karkashi, ta yi taushe, ta yi dambun zogale. Iya sai ta ce, "Sannu, 'yar nan, da daɗi. Amma kamar a gidan mutane nake ci." Na je kasuwar Tudun Wada na samo ɗoɗɗoya mai faɗin ganye, aka yi mata faten tsaki, abincin da ta fi so. Ta shinshina ta ce, "Wannan ta wasu ce. Tamu ƙaramin ganye gare ta."

Wata bayan wata tana ramewa, har awarwaronta ya riƙa zamewa zuwa gwiwar hannu. Innarki ba ta taɓa ce mini "ka gani" ba. Da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Wata rana a ƙarshen damina muna zaune, sai Innarki ta ce, kamar da kanta take magana, "Ko falalen dutse ya nutse?" Kin tuna shi, dutsen nan mai faɗi a kan tudun gabas da gari, inda mata suke shanya. Ta ce a can take shanya kawunan ɗoɗɗoya idan sun bushe, ta murje irin, iska kuma takan kwashe wani ta zuba a tsagogin dutse.

Washegari da sassafe na tafi wurin Malam Audu, masuncin da ya zo daga arewa ya zauna kusa da mu. Ni a lokacin tsoron ruwa nake ji, ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Na gaya masa buƙatata. Ya dube ni ya ce, "Saboda ganye, Malam Idi?" Na ce, "Saboda uwata." Ya ce, "Shigo."

Ban san yadda zan kwatanta miki wannan tafiya ba. Ruwan ya kwanta lumui, sama tana ciki, gajimare suna tafiya a ƙarƙashinmu, har na rasa ko a ruwa muke ko a iska. Babu ƙarar komai sai ta filafilin da Malam Audu yake tuƙi da shi. Muka yi nisa, sai na fara ganin kawunan itatuwa sun leƙo, babu ganye, balbelu sun jeru a kansu fari fat. Na gane rimin kasuwa. Na gane kukar ƙofar masallaci da reshenta da ya karkata. Daga nan na auna da ido, na ce wa Malam Audu, "Tsaya. Nan ne gidanmu."

Ya ɗaga filafili. Na leƙa, ban ga komai ba sai fuskata da sama. Amma a zuciyata ina ganin komai a ƙasa yadda muka bar shi: turken akuya, murhu da duwatsunsa uku, tukunyar nan a gindin katanga, ganyenta yana kaɗawa a hankali, ƙananan kifaye suna ratsa shi kamar yadda tsuntsaye suke yi da. Har na ji kamar in na kasa kunne zan ji dakan safe. Na tsoma hannuna a ruwan, na yi wa mahaifina da sauran na ƙasa addu'a. Malam Audu ya kau da kai yana gyaran komarsa.

Tudun gabas ya zama ɗan tsibiri, bai fi faɗin masussuka ba. Tun kafin kwalekwale ya taɓa dutse iska ta kawo mini shi. Ƙamshin nan ne da na taɓa waige-waige ina neman mai shi. Wannan karon na san ko wane ne. Na taka dutsen, na bi hancina, sai ga ta a cikin tsaga, tushe huɗu, ƙananan ganye, furanni ja-ja a kai, ƙudan zuma ɗaya yana zagaya su. Ban san ta inda ƙudan zuman ya ƙetaro wannan ruwa ba. Na durƙusa na haƙo biyu da ƙasarsu, na sa a hulata, na bar biyu.

Da na shiga gida na miƙa wa Innarki hular, ta karɓa da hannu biyu, ta sa fuskarta a ciki ta daɗe ba ta ɗago ba. Da yamma ta yi faten tsaki da yakuwa, da ta sauke ta yayyaga ganye kaɗan ta rufe. Ba mu gaya wa Iya komai ba. Aka buɗe kwano a gabanta.

Iya ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya buɗe ƙofar baya? Ina jin iskar gida."

Ta laluba ta ɗauki ludayi. Ta sha, ta ƙara, ta ƙara. Muna zaune mun yi tsit kamar masu tsoron kada tsuntsu ya tashi. Da ta ga ƙasan kwano, wato da ta ji ludayi yana karta, sai ta ce, "'Yar nan, da saura?" Innarki ta tashi da sauri, ina jin ta tana sheshsheƙa a bakin murhu.

Iya ta ƙara shekara guda cur a duniya bayan wannan. Ta koyi hanyar sabon gida, takan lallaba ta je bayan ɗaki ta zauna kusa da ɗoɗɗoyar ta yi ta jan carbi. Allah ya ji ƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, ranar da ranki ya ɓaci, kada ki yanke hukunci a kan abin da wani ya rungumo. Ba ki san me yake ɗauke da shi ba. Kuma duk inda za ki, ki tafi da ɗan abin da zai sa tukunyarki ta yi ƙamshin gida. Kewa takan kama mutum ta ciki kafin ta kama shi ta ko'ina. In kin ga kin kasa cin abinci a Doguwa, ba ciwo ba ne, ki shiga madafa ki yi irin girkin Innarki.

Da a ce na yi hankali daga nan, da sai in rufe takarda. Amma akwai saura.

Da ɗoɗɗoyar ta kama, sai na zama kamar mai gadin taska. Na kewaye ta da ƙaya, na hana kowa taɓawa sai Innarki. Larai, matar Malam Audu, ta aiko tana neman ɗan reshe ta dasa. Ki duba fa, matar mutumin da ya tuƙa ni har tsibiri. Na ce a gaya mata ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ta sake aikowa bayan wata biyu, na sake faɗar haka. Tsoro nake ji kada ta ƙare, na ɗauka in na rage mata reshe na rage mata rai.

Ranar sadakar bakwai ɗin Iya gida ya cika da jama'a, aka bar ƙofar baya a buɗe. Awakin unguwa suka shiga suka ture ƙayar. Kafin a ankara sun cinye ta har ƙasa, sun tuge saiwar. Na je na tsaya a kan wurin, na ji kamar an sake yi mini rasuwa. Tsibirin kuma a wannan shekarar ruwa ya ƙaru ya shanye shi, Malam Audu ya riga ya gaya mini.

Innarki ta zo ta tsaya a bayana. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Jim kaɗan sai ga ta da dami na ɗoɗɗoya, da saiwarta da furanninta, irin tamu sak.

Na ce, "Daga ina?"

Ta ce, "Daga gidan Larai. In wannan bai isa ba akwai a gidan liman, akwai a gidan mai unguwa, har rugar Fulanin da ke kawo mana nono akwai."

Na ce, "Yaushe aka yi haka?"

Ta ce, "Tun furen farko. Malam, kai ka tsare ta da ƙaya, ni na tsare ta da mutane."

Da yamma na je da kaina na ba Larai haƙuri ta bayan danga. Ta yi dariya ta ce, "Babu komai, Malam, ai ta yi ƙwari yanzu."

To, Uwani, duk abin da kika mallaka mai kyau, iri ne ko ilimi, ki raba shi tun yana hannunki. Ita kanta ɗoɗɗoya haka Allah ya yi ta, in kina tsinke kanta sai ta yi rassa ta yi faɗi, in kika bar ta don tausayi sai ta miƙe siririya ta yi fure ta mutu.

A kusurwar akwatinki za ki ga ƙulli huɗu a tsumma. Mai baƙin iri ƙanana kamar ƙwan ƙuma ɗoɗɗoya ce, kada ki binne shi da zurfi, ki barbaɗa ki yayyafa ruwa kawai. Wanda aka ɗaure da jan zare kuma gasaya ce, ganyenta kamar yatsu biyar, ki tafasa ki zubar da ruwan farko saboda ɗaci. Sauran biyun karkashi ne da yakuwa, kin san su. In za ki shanya ganye don rani, a inuwa za ki shanya, rana tana shanye launi da ƙamshi. Lawashin albasa ma kada ki zubar, ki daka ki dunƙula ki busar, ranar da babu albasa zai fitar da ke kunya. Na'ana'a ba ta tafiya a ƙulli, Innarki za ta ba ki saiwarta a jiƙaƙƙen tsumma, ki dasa a ranar da kika sauka.

An ce ƙasar Doguwa ta fi tamu ruwa, ga duwatsu ga daji, lalle akwai ganyayen da ni da Innarki ba mu taɓa gani ba. Ki durƙusa ki gaida tsofaffin matan garin, ki tambaye su, kada ki ce ke malama ce. Abin da suka koya miki ki rubuto mini sunansa da kamanninsa da yadda ake dafa shi, in da hali ki matse ganye ɗaya a cikin takardar. Na fara karatun nan a makare, ina so in ƙara kafin lokacina ya yi.

Abu na ƙarshe. Gobe idan motar ta zo, ba za ki gan ni a bakin titi ba. Innarki za ta ce miki na tafi lambu ban ruwa, kuma gaskiya ne, can zan tafi. Kada ki ɗauka ban damu ba ne. Na gwada a raina yadda zan tsaya a gaban mutane in ce miki sai wata rana, na ga ba zan iya ba. Amma daga tudun da ke bayan lambun ana hango titi har inda ya sha kwana. In kin tuna kin hangi wani mutum a tsaye a can, shi kaɗai, ya ɗaga hannu bai sauke ba har motarku ta ɓace, to, ni ne.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na dare da na rana. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a hannunki da harshenki da tukunyarki. Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki yi wa Gwaggonki biyayya, ki gaishe ta da kyau. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya sake tara fuskokinmu cikin alheri. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Idi